Gizo da Agogon Masaƙa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can ƙasar Ingila, a yankin Lankasha inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauko ba, akwai wani kwari da dabbobi suka yi gari a bakin rafi. Sana'arsu kaɗi da saƙa. Matan ɓeraye da na zomaye su ke shiɓa da kaɗi a ɗakunansu, Kunkuru kuwa shi ne babban masaƙi. Kowa da ɗan lambunsa a bayan gida, ga kuma fili na kowa da kowa inda ake kiwo da yin itace. Ba daula suke ciki ba. Sanyi na kashe tsofaffi, yara na taya iyaye aiki tun suna ƙanana, mai riga biyu ana ce masa mai hali. Amma in uwa ta gaji takan ajiye mazari ta miƙe ƙafa, ba mai ce mata don me. Abin da ya fi damun garin shi ne zare ba ya isa. Sai mata biyar ko shida sun wuni suna kaɗi kafin Kunkuru ya sami abin saƙar yini guda.

Gizo a lokacin wanzami ne. Zabirarsa ta tsufa, askarsa ta dakushe, bashi ya yi masa katutu, yara na binsa suna kwaikwayon tsamin bakinsa. Ran nan sai Hankaka, wanda ke zagaya garuruwan mutane yana kawo labari, ya sauka a dandali ya ce wani wanzami ɗan Adam mai suna Richard Arkwright ya gina gida mai hawa biyar a Kuromfod a shekarar 1771. Ruwa ne ke juya wata ƙatuwar ƙafa ta katako, ita kuma tana juya mazarai masu ɗimbin yawa, zare na fita dare da rana. Kowa ya yi mamaki ya koma harkarsa. Gizo kaɗai ya kasa barci. Da asuba ya rataya zabira ya kama hanya, ya je ya maƙale a rufin gidan, ya yi wata uku yana kallon yadda haƙoran ƙarfe ke cizon juna.

Ya dawo da abin a ka, amma hannunsa bai iya ƙira ba. Sai ya je wurin Bushiya mai gyaran agogo ya ce, "Ɗan'uwa, ni na gani, kai ka iya. Mu haɗa kai, abin da Allah ya bayar mu raba biyu." Bushiya ya shekara yana gogar ƙarfe har inji ya tashi. Ranar da zare ya fara fita, Gizo ya sulale fada ya sa aka rubuta injin da sunansa shi kaɗai. Ya kawo wa Bushiya fam biyar da godiya mai yawa. Ungulu mai banki ta ba shi rance, ya datse rafin, ya gina masaƙa.

Gaskiya ɗaya ce, a ba Gizo haƙƙinsa. Ya yi aiki ba na wasa ba. Shi ke riga kowa tashi, shi ke ƙarshen kwanciya, kuma da abin ya rushe shi za a ɗaure saboda bashi. Zarensa ya fi na hannu ƙarfi da arha. Cikin 'yan shekaru talakan da bai taɓa mallakar abin canji ba ya sami rigar da zai sa in ya wanke ɗaya, ƙwarƙwata ta ragu, jarirai suka sami zanen goyo mai laushi. Kunkuru ma kakarsa ta yanke saƙa, don ga zare har ya yi yawa, yana samun fiye da sule 20 a mako, har ya sayi agogon aljihu. Wanda ya ce injin nan bai zo da alheri ba, bai taɓa kwana cikin sanyi da tsumma ba.

To amma inji ba ya ɗaure zaren da ya tsinke, ba ya share kansa. Ana buƙatar hannuwa. A waɗannan shekarun ne manyan dawa suka yi ta kewaye filayen kiwo da shinge bisa dokokin majalisa, kamar yadda masu ƙasa suka yi a cikin mutane, don haka marasa gona suka yawaita. Duk da haka manya ba su son ƙararrawa. Wanda ya saba tashi don kansa, in an ce sai ƙarfe ya kira shi, yakan yi mako biyu ya gudu. Gizo ya yi shawara da helmansa Muzuru. Muzuru ya lashe baki ya ce, "Maigida, me za ka yi da manya? Yatsunsu kauri, bakinsu tsawo. A Landan gidajen gajiyayyu cike suke da marayu, hukuma neman kai take da su. Ana ɗaure yaro da takardar koyon sana'a har ya kai shekara 21, ba albashi, sai ci da wurin kwana."

Haka aka loda 'yan ɓeraye a amalanke aka yi kwanaki ana tafiya da su arewa. An gaya musu za su ci nama su hau doki. A cikinsu akwai wata 'yar shekara bakwai, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba.

Ƙarfe biyar na asuba ake kaɗa ƙararrawa. Manyan yara su tsaya gaban mazarai suna ɗaure zare, suna kai da kawowa har ƙafafunsu su lanƙwashe tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Ƙananan kuwa aikinsu rarrafe a ƙarƙashin inji suna tsince audugar da ta zube, inji na gudu a bisa kansu, don tsayar da shi asara ne. Tagogi a rufe, saboda zare ya fi son zafi da laima. Ƙurar auduga ta cika iska, ta sauka a kan kunun da suke sha a tsaye, ta sauka a huhu. Wanda ya yi gyangyaɗi Muzuru ya tsoma kansa a ruwan sanyi, in ya sake a sa bulala. Masu aikin dare na tashi daga shimfiɗa masu aikin rana na faɗawa, tabarma ba ta taɓa hucewa. Agogo ɗaya ne a gidan, yana rataye bisa ƙofar ofis, makullinsa na wuyan Gizo. Da safe ya tura shi gaba don a ce an makara a ci tara, da yamma ya jawo shi baya. An kafa doka, duk ma'aikacin da aka kama da agogo a aljihu korarsa za a yi.

Wata ranar hunturu, bayan agogo ya daɗe yana nuna saura kaɗan a tashi, barci ya sace yarinyar nan a ƙarƙashin inji. Bel ya kama wutsiyarta, ta kai hannu za ta ƙwace, haƙoran ƙarfe suka tafi da yatsu biyu. Aka tsayar da inji, aka jawo ta, aka share jini don kada ya ɓata zare, aka tayar. Bayan mako uku ta koma aiki. Daga ranar kowa ke kiranta Guntuwa.

Ƙoƙi matar Gizo ta ga lokacin da aka fito da ita. Da dare ta kasa cin abinci. Ta ce, "Maigida, yarinyar nan ba ta kai 'yarmu ba."

Gizo ya ce, "Ni na aike ta ta yi barci? Da tana Landan da yunwa ta kashe ta."

"To a rage musu awoyi."

"In na rage, Kunama da ke ƙetaren rafi zai rage? Zarensa ya fi nawa arha, 'yan kasuwa su koma wurinsa, Ungulu ta zo ta karɓe gidan, yaran su koma bara. Ke kin san kasuwa kuwa?"

Maganarsa ba ƙarya ce duka ba, shi ya sa ta yi wuyar amsawa. Amma Ƙoƙi ta ce, "Kunama ne ya ce ka riƙa taɓa agogo?" Gizo ya ture kwano ya fita.

Ba a daɗe ba Hankaka ya kawo wani labari daga Sukotlan. Wani mai suna Robert Owen ya karɓi ragamar masaƙar Niyu Lanak a 1800. Ya daina ɗauko marayu daga gidajen gajiyayyu, ya hana yaro ƙasa da shekara 10 shiga aiki, ya gyara kantin ma'aikata ana sayar da kaya mai kyau da rahusa, a 1816 ya buɗe makaranta har da ta ƙananan yara, kuma duk da haka masaƙar na cin riba. Ƙoƙi ta dubi mijinta. Ashe ana iyawa. Gizo ya ce wannan mutum iska ce ke damunsa. Amma maganar ta tsaya masa a rai, sai ya nemi wata hanyar da zai kwantar da zuciyarsa ba tare da ya taɓa awoyi ba. Ya gina coci mai hasumiya. Ya buɗe makarantar Lahadi. Ya haƙa rijiya a dandali aka sassaƙa sunansa a dutse. Shekara-shekara yana yin biki a raba wa yara burodi da 'ya'yan itace, su yi jerin gwano suna yi masa addu'a. Zaki sarkin dawa ya ba shi sarauta. Tsamin bakin nan da ake yi wa dariya, yanzu 'ya'yan attajirai har kwaikwayonsa suke yi don a ce sun waye.

Ana nan sai injin tururi ya zo, bayansa injin saƙa, hayaƙin kwal ya rufe kwarin, rafi ya koma baƙi. Yanzu abin ya iso kan Kunkuru. Abin da yake samu ya yi ta zubewa har ya dawo wajen sule shida a mako, ga shi yana saƙa har tsakar dare da fitilar kitse. Ya sayar da agogon aljihunsa. Masu aikin masaƙa kuma ba kuɗi ake biyansu duka ba, wasu ƙarafa ne masu tambarin Gizo waɗanda ba sa ciyuwa sai a kantinsa, inda gari ke da tsada kuma a gauraye da alli. Gidan da suke haya nasa ne, wanda ya yi gardama da safe, da yamma kayansa na waje. Wasu samarin zomaye suka ɗauki guduma cikin dare za su farfasa injuna. Hankaka ya tare su ya ce majalisar mutane ta mayar da fasa inji laifin kisa a 1812, kuma da idonsa ya ga an rataye mutum 17 a birnin Yok a watan Janairu na 1813. Suka mayar da guduma gida. Biyu da suka ƙi ji, ba a sake ganinsu ba.

Akwai wani Gafiya da ya zo cikin dilar auduga daga tashar jirgin ruwa ta Libaful. Shi ya gaya wa Guntuwa inda audugar ke fitowa. Ya ce a kudancin ƙasar Amurka bayi ne ke tsinkarta, baƙaƙen fata waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka cikin sarƙa, ana auna abin da kowa ya tsinko da yamma, wanda nasa ya gaza a zane shi. Guntuwa ta daɗe tana duban farin abin da ke hannunta. Ta ce, "Ashe tun kafin ta iso mu ta sha jini."

Shekaru suka tura. Guntuwa ta cika 21, aka sake ta ba ko kwabo, ta sake komawa masaƙar don ba ta san wani aiki ba. Ta yi aure, ta haifi ɗa. A 1832 labari ya zo cewa majalisar mutane a Landan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Michael Sadler, ma'aikata na zuwa suna nuna karkatattun ƙafafunsu, ana rubuta abin da suka faɗa, ƙasa duk ta ɗauka. Surutu ya yi yawa a dawa har Zaki ya ga ba makawa, ya kira zama.

Malam Dila ne ya tsaya wa Gizo. Ya zo da littattafan lissafi a kan jaki. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kwarin nan da kufai ne, yau birni ne. Harajin da ke shiga baitulmali daga yadi ya fi na kowace sana'a. Na shiga masaƙar da kaina, na ga yara suna tsalle-tsalle cikin nishaɗi, aikin ma wasa ne a wurinsu. Ga coci, ga makaranta, ga rijiya. Komai a rubuce yake, ba a ɓoye ko anini ba. In aka sa wa mai dukiya takunkumi, dukiya za ta yi fiffike ta koma Faransa."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Aka ce ko akwai mai magana. Guntuwa ta taso tana ɗingishi, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya karatu ba. Makarantar Lahadin da maigida ya gina na je ta, amma barci nake yi a ciki, don ranar kaɗai ake barina in zauna. Tunda Malam ya ce komai a rubuce yake, ina roƙo ya buɗe ya karanta mini inda aka rubuta wutsiyata da yatsuna biyu."

Fada ta yi tsit. Zaki ya ce a duba. Dila ya yi ta buɗe shafuka, ya tambayi shekara, ya tambayi wata, har ya iso ranar. Ya yi shiru. Zaki ya ce, "Karanta mana, Malam." Dila ya karanta: inji na huɗu ya tsaya minti goma, an yi asarar zare na sule biyu.

Gizo ya miƙe jikinsa na rawa. "Ni fa ban ci amanar kowa ba. Na ciyar da ita, na tufatar da ita. Rijiyar da take sha wa ya haƙa?"

Guntuwa ta juya ta dube shi, karo na farko a rayuwarta. "Rijiyar ruwanta da daɗi, maigida, mun gode. Amma shekara 14 na yi maka aiki ba a ba ni kwabo ba, mu kusan ɗari. Da an ba mu abin da muka yi wa gumi, da mun haƙa da kanmu. Abin da ka ba mu kyauta ka kira shi, shi ya sa sai mun durƙusa. Wanda ka riƙe kuwa bashi ne, kuma har yau ba a yi maganarsa ba."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Gizo haka. Abin da ya fi ba ni tausayi a lamarinsa shi ne da gaske ya yarda shi mutumin kirki ne. Ya ƙirga mazarai, ya ƙirga kyandir, ya ƙirga mintoci, bai taɓa zaton akwai wani abin ƙirgawa da ya tsallake ba.

Zaki ya shiga tsaka mai wuya, don shi kansa Gizo na binsa bashi. Ya so ya yi nasiha a watse. Sai Hankaka ya yi gyaran murya ya ce, "Manyan dawa, mutane sun yi doka a 1802, sun sake a 1819, amma ba su naɗa ma'aikatan gwamnati masu bin sawu ba, dokokin suka kwanta a takarda. Doka ba sufeto, kare ne ba haƙori." Da shekara ta kewayo, 1833, majalisar mutane ta yi sabuwar doka, Zaki ya kwafe ta: yaro ƙasa da shekara tara ba zai shiga masaƙa ba, daga tara zuwa 13 kada ya wuce awa 48 a mako, kuma a ba shi karatun awa biyu kullum, daga 13 zuwa 18 kada ya wuce awa 12 a yini, ba kuma aikin dare. Mutane sufeto huɗu kacal suka naɗa wa ƙasar gaba ɗaya. Zaki ya naɗa Mujiya ita kaɗai. Bashin Guntuwa kuwa ba a sake tayar da zancensa ba.

A lokacin mijinta na kwance, ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Ɗansu na da shekara takwas, yana rarrafe ƙarƙashin inji kamar yadda ta yi, yana kawo sule biyu a mako, kuma da sule biyun nan ake biyan haya. Daren da za a zo bincike Muzuru ya leƙo ɗakinta ya ce, "Ke kika jawo mana wannan. Gobe in an tambaya, tara yake. Ba takardar haihuwa, wa zai ƙaryata ki? Sauran iyaye duk sun yarda." Ba ƙarya ya yi ba, sun yarda, kuma ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Albashin babba ba ya riƙe gida, an tsara shi ne da sanin yara za su cike.

Ta kwana ba ta runtsa ba. Da safe aka jera yara, Mujiya na duba tsayinsu tana buɗe bakinsu tana ƙirga haƙora. Da ta iso kan yaron ta yi jim, ta ce, "Baiwar Allah, shekarunsa nawa?"

Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Inna, in ce tara?"

Guntuwa ta kama hannunsa, ta dubi yatsunsa biyar cif. Ta ce, "Takwas ne, ranki ya daɗe."

Aka ci Gizo tarar fam ɗaya, ya zaro daga aljihu ya biya nan take, washegari ya aika a kawo masa injuna masu sauri. Guntuwa ta kai tukunyarta da bargonta jingina, suka koma wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai laima. Baba Kunkuru, wanda ido ya fara gazawa, ya ce a riƙa kawo masa yaron yana koya masa baƙaƙe, shi kuma yana zura masa zare a allera.

Mujiya sai ta yi wata shida ba ta kewayo ba, agogo kuwa na nan inda yake, makulli na wuyan mai shi. Dokar awa goma ga mata da matasa sai a 1847 za ta zo, saura shekara 14 ke nan. Guntuwa ta ce ba za ta jira ba. Ta bi ɗaki-ɗaki tana karɓar kwabo-kwabo, wata takwas ana tarawa a cikin tsohuwar safa. Ta kai wa Bushiya, wanda ya tsufa a rumfarsa ba mai tunawa da shi. Ya ƙirga kuɗin, ya ɗebi na ƙarfe, ya mayar mata da ladan aikin. Ya ƙera agogo mai babbar fuska da ƙararrawa, aka rataye shi a bishiyar da ke bakin hanya daura da ƙofar masaƙa, a filin da ba na Gizo ba.

Ranar farko, da awa 12 ta matasa ta cika, agogon bishiya ya buga. Na ofis ya ce saura minti 25. Muzuru ya daka tsawa ya ce kowa ya tsaya inda yake. Guntuwa ta kwance ɗan zanen aikinta, ta bi layi tana taɓa kafaɗar matasa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Tashi, lokacinku ya yi." Na farko ya dubi bulala ya dubi ƙofa, ya bi ta. Na biyu ya bi. Muzuru ya ruga ofis yana kiran maigida. Gizo ya fito kan matakala da makulli a hannu, ya ce duk wanda ya ƙetare ƙofar nan kada ya dawo gobe. Guntuwa ta ce, "To maigida, sai ka gaya wa Mujiya wanne agogon ne ya yi ƙarya, Bushiya na nan zai buɗe su duka biyu a gabanta." Ta tura ƙofa, matasa suka fita a bayanta.

Ƙurunƙus.